Ɗaya Goma Sha Ɗaya a Bangon Zaure

Mijina malamin lissafi ne a elementare, a Tambuwal, shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai. Ni kuma ɗiyar limamin unguwa ce. Na sauke Alƙur'ani a gidan ubana, amma ban taɓa taka aji ba. Baƙin boko da lambobi duk mijina ya koya mini bayan aurenmu, da tsinke a ƙasan tsakar gida. Ina kiransa Malam, shi kuma har ya bar duniya ɗiyar Liman yake ce mini.

Malam ba ya dara, ba ya zaman majalisa. In ya taso daga makaranta ya ci abinci ya yi la'asar, abin da yake so shi ne ya ɗauki lamba ya farfasa ta. Ya ce kowace lamba kamar gini ce, da tubalanta. Sittin, alal misali, biyu ce sau biyu sau uku sau biyar. In ka kai nan ka tsaya, don biyu da uku da biyar ba su ƙara fasuwa. Na ce masa ai na san irinsu, in ubana yana rabon gado ya ci karo da lambar da ba ta da rabi, ba ta da sulusi, ba ta da rubu'i, yakan ce wannan kurma ce, ko da me ka kira ta ba ta amsawa. Malam ya yi dariya har ya kama ciki. Daga ranar nan a gidanmu sunansu kurame.

Wata ranar Jumma'a da hantsi ya kira ni, ya rubuta ɗaya uku a jere, 111.

"Ɗiyar Liman, wagga kurma ta?"

Na gwada, na ce a'a, uku ce sau talatin da bakwai. Ya ƙara ɗaya, ta zama 1111, ita ma ta fashe, sha ɗaya sau ɗari da ɗaya. Mai ɗaya biyar ta ba mu ɗan aiki kafin ta ba da 41 da 271. Mai ɗaya bakwai kuwa ta cinye mana makonni, sannan ta fito 239 sau 4649. Haka muka bi su har mai ɗaya goma. Sai muka iso ga mai ɗaya goma sha ɗaya, 11111111111, lambar da in na ce zan faɗi sunanta da baki sai numfashina ya ƙare. Nan muka cije.

Babu wata dabara face a yi ta gwada raba ta da lambobi, ɗaya bayan ɗaya, har a sami wadda ta shige ba saura. Malam ya lissafa ya ce in babu sa'a sai mun gwada har sama da dubu ɗari. Na ce to sai dai jikokinmu su ƙarasa. Amma ya lura da wani abu. Tubalan mai ɗaya biyar, in ka cire musu ɗaya, goma na raba su. Na mai ɗaya bakwai, in ka cire musu ɗaya, sha fuɗu na raba su. Ya ce ashe ita wannan, duk lambar da za ta raba ta, in an cire mata ɗaya ashirin da biyu za ta raba ta. Saboda haka ba kowace za mu gwada ba, sai 23, sai mu tsallaka da ashirin da biyu, mu sake tsallakawa, haka har Allah ya yi.

Muka raba aikin. Ni nake jera lambobin, in tsince waɗanda uku ko biyar ko bakwai ke rabawa in zubar, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin da ya rage mu yi doguwar rabawa, shi ya yi tasa, ni in yi tawa, kowa bai ga ta wani ba. Sai ragowarmu ta zo daidai sannan a soke lambar. Ya ce kuskure guda ya isa mu wuce ta ba mu sani ba, mu yi ta tafiya har abada.

Takarda a lokacin ba abin wasa ba ce, ta makaranta kuwa Malam ba ya taɓa ko falle. Da alli da gawayi muke yi a bango. Bangon ɗakinmu ya cika, muka koma zaure. In ya tafi makaranta sai in sakaye ƙofar waje, in shiga da goyona, in yi tawa rabawar kafin a kira azahar. Duk rabawa kuwa da wannan jerin ɗaya-ɗayan take farawa. Wanda ya shigo zauren abin da zai fara gani ke nan, sanduna a tsaitsaye, layi bisa layi, tun daga tsawon hannun Malam har kusa da ƙasa.

Muna da wani maƙwabci, ɗan koren masu mulki ne a unguwa. Shi ke raba goro ranar taro, shi ke kai rahoton wanda ya je da wanda bai je ba. Yana da haushin Malam, don Malam ya ƙi ɗaga ɗansa zuwa aji na gaba. An gama zaɓe ba da daɗewa ba, gari duk a tsorace, in aka ce wane ɗan adawa ne to ya shiga uku. Maƙwabcin nan ya shigo gaisuwa wata rana, ya ga bango, ya tambaya, Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda yake yi wa yara. Ya tashi ya tafi ya ce a zauren malamin lissafi ake ƙidayar 'yan adawa. Kowace sanda mutum guda, kowane layi unguwa guda, sauran lambobin kuma sirri ne tsakaninsa da shugabannin adawa na Kano.

Da labarin ya dawo mana ta bakin mai tallan fura, dariya na yi. Na ce wace irin unguwa ce kowacce mutum goma sha ɗaya cif, ba ƙari ba ragi? Ban da haka, rabin rubutun nan hannuna ne, ni da ko ƙuri'a ba a ba mu ba, mu matan Arewa. Malam bai yi dariya ba. Ya ga yadda mutane suka fara gajarta gaisuwa a masallaci.

Aka aiko mai duba makarantu daga Sakkwato. Saurayi ne mai fara'a, ya yi karatu mai zurfi a Zariya, a kan babur ya zo. Ina bayan ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, ta tsagar kara ina ganin komai. Ya shigo da fuska a ɗaure, maƙwabcin nan na biye da shi. Ya tsaya gaban bango ya daɗe. Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Malam, mi ya sa kake tsallake da ashirin da biyu?"

Malam ya faɗa masa. Ya tuɓe hula ya ajiye, ya ce a ba shi alli. Ya durƙusa da fararen kayansa ya buga 239 sau 4649, ya ga ɗaya bakwai sun fito a jere, ya tafa hannu.

"Kai! Wallahi ko a kwaleji ban ga an yi wanga ba. Kai kaɗai ka gano?"

"Ni da mai ɗakina, ranka shi daɗe."

"Mai ɗakinka!" Ya juya wajen maƙwabcin ya ce, "Wanga lissahi na tsantsa. Babu ko mutum guda a bangon ga."

Na koma madafa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na sa aka yanka zakaran da nake kiwo, na yi tuwon shinkafa, na aika. Ya ci ya sha, suka yi ta lissafi har aka kira la'asar, ina jin dariyarsa.

Bayan sati biyu aka kira Malam aka ce an mayar da shi Kebbe.

Ya bi mai duba makarantun har masaukinsa, don bai riga ya bar ƙasar ba. Da ya dawo na tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Mi yac ce?"

"Ya ce shi ya san gaskiya. Amma maganar ta riga ta kai sama, in ya ce babu komi za a ce ya goyi bayana. Ya ce Kebbe ma makaranta ce, in yi haƙuri har ƙura ta kwanta."

"Kai kuma mi kac ce?"

"Na ce na gode."

Da jahili ne ya yi mana haka da na ce bai sani ba. Maƙwabcin ma ban riƙe shi yadda na riƙe wannan ba, shi hassada ce ta fito fili. Amma mutum ya durƙusa a zaurena, ya buga lissafin da hannunsa, ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru, ya ci zakarana, sannan ya tafi ya sa hannu a kore mu, don kada rigarsa ta ɓaci!

Ba su tsaya nan ba. Bikin mulkin kai ya matso, aka ce duk gidan da ke bakin hanya a shafa masa farar ƙasa. Sauran gidaje waje kawai aka shafa. Namu kuwa maƙwabcin nan ya zo da majiya ƙarfi biyu Malam na makaranta, suka buɗe zaure suka bi ciki. Na yi magana daga bayan ƙofa, na ce su dakata mai gidan ya dawo. Ya ce umarni ne. Ina jin ƙarar tsumma a bango, shaf, shaf. Ranar da gari ya cika da kalangu da 'yan makaranta masu ƙananan tutoci, mu muna ɗaure kaya. Ana ta cewa an sami 'yanci, ni ina naɗe tabarmi.

Da jakuna muka tafi, muka tsallaka gulbi a jirgi, tukunyata babba ta fashe a hanya. Gidan da aka ba mu a Kebbe ɗaki biyu ne da danga, rufin ɗaya yana zuba. Ban san kowa ba. Ubana tsoho ne, ban ƙara ganinsa ba sai sau ɗaya kafin rasuwarsa.

Malam ya yi wata da watanni bai ambaci lambar ba. Ya je makaranta, ya dawo, ya zauna. Ni kuwa haushi ya hana ni sakat, har shi ma haushinsa nake ji. Wata rana bayan kaka na ɗauko gawayi na ajiye a gabansa tare da abinci.

"Mun kai wajen dubu tara," na ce. "Mu ɗora."

Ya girgiza kai. "Kin tabbata duk waɗanda munka wuce mun yi su mu biyu? Akwai waɗanda ni kaɗai niy yi, kina jinyar yaro. Bangon ne ya san su."

"To sai mi?"

"Sai a koma farko."

Na kusa jefa masa gawayin. Amma na san halinsa, ba zai ɗora gini a kan abin da ba shi da tabbas ba. Muka koma 23.

Wannan karon ba mu yi a inda ido zai gani ba. A ƙasa muke rabawar, mu share da tafin hannu, a bangon ɗakin kwana kuma mu sa lambar da aka soke. Hannuna ya faɗa sosai, har ina riga shi gamawa. Matan unguwa suka ɗauka duba nake yi, wata Bafulatana mai kawo mana nono har ta roƙe ni in duba mata saniyarta da ta ɓata. Na ce mata ni lamba nake nema, ita ma ban gan ta ba.

Damina biyu ta wuce mu a kan haka. Muka wuce dubu goma, muka wuce sha biyar, muka wuce ashirin. Wani lokacin Malam ya ce wataƙila dai kurma ce. In kurma ce kuwa babu ranar murna, sai dai mu kai ƙarshe mu ce ba mu samu ba. Ni jikina bai taɓa ba ni haka ba. Kullum in na durƙusa sai in ji kamar yau ce. Kuma a cikin shekarun nan na ga Malam ya dawo mutum. Yana cin abinci, yana tsokanata in na yi kuskure, yana waƙa in ya share ƙasa.

Muna cikin dubu ashirin da ɗaya da ɗari uku sai aka ce mai duba makarantu ya zo Kebbe zagaye. Shi ne dai. Ya yi ƙiba, ya bar babur ya koma mota. Bayan ya gama da makaranta ya ce sai ya zo gida ya gai da Malam. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar danga. Ni ina ciki, kara ne kawai tsakaninmu. Na yi abinci don baƙo baƙo ne, amma ban yanka komi ba.

Ya yi ta gaisuwa, ya ce abin da ya faru yana damunsa, bai taɓa mantawa ba. Sannan ya gyara zama, muryarsa cike da murna.

"Malam, na zo maka da tsaraba. Lambar ga taka ta ɗaya-ɗaya, ka tuna?"

"Na tuna, ranka shi daɗe. Ai muna nan muna..."

"To huta! Da nij je kwas Zariya na sami wani littafi a ɗakin karatu, Turawa sun gama da ita tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Na hardace maka ita musamman, ina ta maimaitawa a mota."

Na ji Malam ya ce, "Dakata, don Allah," amma a hankali ya faɗa, irin ta mai ladabi. Ni na buɗe baki in yi ihu, kunya ta riƙe ni, mace ba ta ɗaga murya a gaban baƙon mijinta. Wannan kunyar ma ina jin haushinta.

"Dubu ashirin da ɗaya da ɗari shida da arba'in da tara," in ji shi. "Sau dubu ɗari biyar da sha uku da ɗari biyu da talatin da tara. Kuma duka biyun ba su rabuwa. Ka ga ka huta da wahala."

Na juya na dubi bangon ɗaki. Lambobin da na riga na tsince na jera, masu jiran a gwada su, suna nan da rubutun hannuna. Ga ta nan, 21649, ita ce ta ƙarshe a layin. Waɗanda ke gabanta ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da ya ci abinci ba, ban san lokacin da ya tafi ba. Na dai ji Malam ya raka shi har mota, na ji yana ce masa ya gode, Allah shi saka da alheri.

Da ya dawo bai shigo ɗaki ba. Ya tsuguna a tsakar gida ya ɗauki tsinke ya rubuta ɗaya goma sha ɗaya, ya fara rabawa. Na fito na tsaya a kansa. Ya bi ta sannu a hankali, yana sauko da ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe. Babu saura. Abin da muka yi shekaru muna jiran gani ke nan, ga shi a ƙasa, kaza tana tsallakawa ta kai.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Malam.

"Ka gode masa," na ce. "Har mota ka bi shi kana gode masa."

"Da kyakkyawar niyya ya yi, ɗiyar Liman."

"Ya tambaye ka ina kuka kai? Ya tsaya ya ji ko kana so?"

Malam ya ajiye tsinken.

"Wancan karon ya kore mu don shi zauna lafiya. Wanga karon ya zo ya wanke zuciyarsa a tsakar gidana. Duk biyun don kansa ya yi. Kai kuma kana ta na gode!"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "To mi kike so in yi? In ce ya mayar da ita cikin bakinsa?" Sai ya sa tafin hannu ya share.

Washegari na shiga ɗaki na gwada sauran da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai, ko da na san babu wadda za ta shige. Na yi ta ƙarshen ma. Ban ji komi ba. Daga baya Malam ya ce mu taɓa mai ɗaya goma sha uku, muka taɓa, 53 ta raba ta nan da nan, 79 ta biyo, muka bar ragowar ba mu bi ta ba. Ba mu ƙara zama a kan wata lamba ba.

Ƙurar da aka ce mu jira ta kwanta, amma babu wanda ya tuna da mu. A Kebbe Malam ya ƙare aikinsa, nan muka yi gona, nan 'ya'yanmu suka girma, nan aka binne shi. Shi kuwa mai duba makarantu ya yi ta hawa har ya zama babba a ma'aikatar ilimi.

Ya zo ta'aziyya, da motoci biyu. Ina cikin takaba, ɗana babba ya shigo ya ce ga wani dattijo daga Sakkwato yana son ya gai da ni ta bakin ƙofa. Kafin ya iso na ji shi yana ba mutanen da ke zaune labari, wai marigayi haziƙi ne, akwai wata lamba da ta gagare shi shekara da shekaru, shi ne ya taimaka masa ya warware ta. Mutane suna cewa Allah sarki.

Ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, ya yi gaisuwa mai kyau, ya yi addu'a. Na amsa addu'ar, don ta Malam ce. Sannan na ce, yadda na waje za su ji:

"Alhaji, ba ta gagare shi ba. Saura kaɗan ya rage, kai ka zo ka faɗa ba a tambaye ka ba. Kuma kai ka sa hannu anka kawo mu garin ga, bayan ka san ba mu yi komi ba."

Ɗana ya ce, "Inna, don Allah." Dattijon ya daɗe a tsaye, ina ganin takalmansa ta ƙarƙashin labule. Ya ce, "Hajiya, an daɗe. Ni ban ma tuna da zancen sauyin wurin ba." Na yarda da shi, na san bai tuna ba. Ya ce Allah shi jiƙan Malam, na ce amin, ya juya. Ɗana ya yi kwanaki yana fushi da ni, ya ce na kunyata shi gaban manya. Na ce masa ya je ya kai wa masu zaman makoki ruwa, rana ta yi zafi.